Ɗana, Ka Yi Hattara da Kalmar “Free”

Ɗana, akwai wata kalmar Turanci mai haruffa huɗu da nake so mu zauna a kanta, ni da kai, domin na lura idonka na cin karo da ita a yini fiye da yadda kunnenka ke jin sunanka. Tana jikin allon talla a bakin titi, tana kan kwalin biskit, tana cikin saƙon da ke faɗo wa wayarka da tsakar dare, tana bangon asibiti da na makaranta, ga ta kuma a bakin 'yan siyasa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Kalmar ita ce “free”, wadda bakinmu ya lanƙwasa ta koma “firi”. Da kai nake, amma kira ƙanwarka ta matso kusa, ita ma wayar tana hannunta. Na san kun yi boko, Turanci ya zauna a bakinku. Sai dai iya furta kalma daban, sanin inda ta dosa daban, ita kuwa wannan ta kai mutane da yawa inda ba su yi niyyar zuwa ba.

In na tambaye ka ma'anarta, ko kai ba za ka ɗaga daga wayar ba za ka ce mini “kyauta”. Ba ka yi kuskure ba, amma ma'anar da ka kamo ita ce ta baya-bayan nan. Kalmar ta haura shekara 1,000 a bakin Turawan Ingila, kuma tun farko ba ruwanta da kuɗi ko ciniki. Mutumin da ba bawa ba, shi ake kira da ita. Masu bin asalin kalmomi sun nuna cewa tushenta ɗaya da “friend”, wato aboki, dukansu kuma sun tsiro ne daga wata tsohuwar saiwa mai nufin so da ƙauna. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A gidan mutumin da, akwai waɗanda jini ya haɗa shi da su, su ne abin ƙaunarsa, akwai kuma waɗanda ya saya ko ya kamo a yaƙi. Na farkon su ne “free”.

A nan fa nake ganin Bahaushe ya fi kowa cancantar ya gane wannan kalma, domin tafarkin da harshensa ya bi ke nan. A Hausa “ɗa” shi ne wanda ka haifa, kuma “ɗa” shi ne kishiyar bawa. Daga “'ya” da “ɗiya” muka sami “'yanci” da “ɗiyauci”, muka sami “'yanta”. Idan dattijo ya ce maka “wane ɗa ne”, ba labarin haihuwarsa yake ba ka ba. Cewa yake mutumin yana da kunya, yana cika alkawari, ba ya zubar da girmansa a kan abin hannun wani. Riƙe wannan da kyau, za mu buƙace shi a gaba. Ita ma'anar “ba a biyan ko sisi” sai ƙarnoni bayan haka ta manne wa kalmar Turancin, da nufin abu ya kuɓuta daga farashi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci ba su da wannan ruɗani: “libre” na 'yanci ne, “gratuit” na abin da ba a biya. Larabci ma ya raba su, mu ma mun raba. Turanci ne ya zuba su a kalma ɗaya, har ya ƙara da ta uku, wato “babu”. Mai talla kuwa ya san haka sarai. Ya san in ya rubuta haruffan nan huɗu da jan fenti, zuciyarka za ta zaɓi ma'anar da ta fi mata daɗi kafin hankalinka ya iso.

Fara da abu mafi sauƙi: duba inda kalmar ta zauna. In ta zo bayan suna, galibi da ɗan layi a tsakani, nufinta babu. “Sugar-free”, babu sukari. “Interest-free”, babu kuɗin ruwa. “Toll-free”, lambar da ba a cirar maka kuɗin kira, irin 112 ta neman agajin gaggawa. In kuwa ta zo gaban suna, sai ta koma kyauta ko sakakke. Ko “babu” ɗin ma yana da iyaka. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka a matsayin “polio-free”, bayan shekara huɗu da ganin ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙarshe a Borno a 2016. Wasu iyaye da suka ji haka sai suka ce to me kuma masu rigakafi ke nema a ƙofar gida? Nau'i ɗaya aka ce ya kau. Akwai wani da ke yawo a inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba, shi ya sa har yau ake ɗiga musu.

A ce gwaggonka mai ciwon suga ta aike ka kanti. Ka ɗauko kwalin biskit, ga “sugar-free” ɓaro-ɓaro a gaba, ka kawo mata kana murna. Juya kwalin. A baya, cikin ƙananan rubutun da sai ka ƙanƙance ido, abu na farko da aka lissafa fulawa ce. Fulawa kuwa da ta shiga ciki sukari take komawa a jini. Kamfanin bai yi maka ƙarya ba: a dokar Tarayyar Turai, alal misali, abin da sukarinsa bai wuce rabin giram a cikin giram 100 ba ana iya rubuta masa haka. Sukarin shayi ya ce babu, bai ce gwaggo ta cinye kwali guda ba. Haka lemon kwalin da aka rubuta wa “no added sugar”: ba a ƙara ba, amma na 'ya'yan itacen yana nan daram. Don ka ga yadda sauya wuri ke juya magana, likitoci na da abin da suke kira “free sugars”, wato sukarin da aka zuba da hannu, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace. Shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Kalmomin nan biyu dai su ne, aka sauya musu wurin zama kawai: can an ce babu, nan an ce ga shi, yi a hankali.

Ranar da tafiya ta kai ka Turai kuma, ka kula da “alcohol-free” a jikin kwalba. A Ingila ƙa'idar hukuma ita ce a rubuta shi ga abin da barasarsa ba ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari ba, a Jamus da wasu maƙwabtanta kuwa har kashi 0.5 ana rubutawa. Hukuncin shan irin wannan na malamai ne, su za ka tambaya. Nawa shi ne in gaya maka cewa “babu” ɗin da ke jikin kwalba na da ma'auni, kuma kowace ƙasa da nata.

Yanzu ga inda kuskuren ke cin gona da gida: “visa-free” da “free visa”. Na farkon gaskiya ne, doka ce. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Najeriya mai fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar na iya shiga Benin ko Togo ko Ghana ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Na biyun kuwa, wanda dillalai ke raɗa wa samari a kunne game da Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Tekun Fasha, babu wata biza mai wannan suna a dokar ƙasashen. Ga yadda abin yake. A tsarin kafili, bizar aiki a ɗaure take da sunan wanda ya ɗauke ka. Sai wani kafili ya samo biza da sunan zai ɗauki ma'aikaci, alhali ba shi da aikin da zai ba shi. Ya sayar wa dillali, dillali ya sayar maka da tsada. Ka sauka, kafili ya ce je ka nemi aikinka, amma duk wata ko duk shekara ka kawo mini kaza, in ba haka ba ba zan sabunta maka igama ba, wato takardar izinin zamanka.

To ina kyautar? Ka biya kafin ka tashi, kana biya bayan ka sauka. Ina 'yancin? Yin aiki a wajen wanda ba shi ne kafilinka ba laifi ne a dokar ƙwadago ta Saudiyya. Ranar da aka kama ka, tara ce da tarhil, a sako ka jirgi daga kai sai kayan jikinka. Ranar da kuka saɓa da kafilin kuma, ya isa ya kai rahoton cewa ka gudu, shi ke nan ka zama abin nema, kana jin jiniya gabanka na faɗuwa. An sayar da gonar gado, an sayar da 'yan kunnen uwa, a kan kalmar da ba ta cika ko ɗaya daga cikin ma'anoninta ba. In wani ya zo maka da wannan zance, ko da ɗan unguwarku ne, ko da ya rantse da abin da zai kashe shi, ka ce ya nuna maka takardar kwantiragi: sunan kamfani, irin aikin, albashi. In ya fara kame-kame, tashi ka ba shi wuri.

Sai waya. Ba ka taɓa biyan Facebook ko sisi ba, ko ba haka ba? WhatsApp ma haka, Instagram ma haka. Amma kamfanin Meta da ya mallake su ya sami kuɗin shiga sama da dala biliyan 160 a 2024, kuma fiye da kashi 97 cikin ɗari daga talla suka fito. Me ya sayar wa masu tallar? Lokacinka da idonka, da sanin shekarunka, da garinku, da abin da kake tsayawa ka kalla da wanda kake wucewa. Ban ce ka jefar da waya ba. Da ita ake ciniki, da ita ake zumunci, ni ma da ita nake gaisawa da 'yan'uwa na nesa. Cewa nake ka san ciniki kuka ƙulla, ka kuma san abin da ka bayar. A 2018 duniya ta ji yadda bayanan mutanen da yawansu zai iya kaiwa miliyan 87 suka fita daga Facebook suka isa hannun kamfanin Cambridge Analytica ta hanyar wata 'yar manhajar gwajin hali, kuma a 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Waɗannan ma masu rajista ne da ofis. Ƙasa da su akwai “free trial”, gwajin mako guda ko wata guda, amma sai ka sa lambar katin bankinka. Tambayi kanka, mai ba da kyauta me zai yi da lambar katinka? Jira yake ranar ta cika ka manta, kuɗi ya fara fita da kansa duk wata. Akwai manhajojin bashi masu cewa “collateral-free”, wai ba jingina. Jinginar tana nan. Lambobin da ke wayarka ne, waɗanda ka ba su izinin gani lokacin da kake ta danna maɓalli cikin gaggawa don kuɗi su shigo. Ka yi jinkirin biya kaɗan, saƙo ya isa wayar surukinka da ta limamin unguwarku cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Wanda ya jinginar da babur, in abu ya ɓaci babur ya rasa. Wanda ya jinginar da mutuncinsa fa, a wace kasuwa zai sayo wani?

Can ƙasa kuma ɓarayi ne tsantsa. Ka san saƙon da ake turowa a zauren WhatsApp na dangi, wai gwamnati ko kamfanin waya na raba data “free”, danna nan, tura wa zaure biyar. Shafin ya buɗe, ga tambarin kamfani, ga tutar ƙasa, ga mutanen ƙarya a jere suna godiya sun samu. Sai a ce sa lambar wayarka, sa BVN, sa lambar da za a turo maka yanzu. Wannan lambar ta ƙarshe ita ce mabuɗin asusunka ko na WhatsApp ɗinka, kuma babu bankin da zai nemi ka karanto masa ita. Kakanninmu da ba su ga waya ba sun riga sun yanke hukunci: banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, yawanci ba mugu ne ke turo saƙon ba. Ɗan'uwa ne mai son a amfana, ya tura har da “Allah ya sa a dace”. Kada ka zama shi.

Kada kuma ka ɗauka daga maganata cewa duk inda ka ga kalmar tarko ne. Akwai inda take haƙƙinka, kuma a nan ne kuskurenmu ya juye: inda ya kamata mu yi shakka muna rawar jiki, inda ya kamata mu tsaya da ƙafafunmu muna sunkuyar da kai. Ilimin firamare kyauta ya fara a tsohuwar Jihar Yamma a 1955 zamanin Obafemi Awolowo, ya zama na ƙasa baki ɗaya da shirin UPE a 1976, sannan dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki. Daga ina kuɗin gwamnati ke zuwa? Daga man fetur ɗin da na kowa ne, da harajin da kake biya ko ka sani ko ba ka sani ba, irin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ke cikin kuɗin katin wayar da ka saya jiya.

Fassarar “kyauta” ta cuce mu a nan, domin a al'adarmu kyauta ba a raina ta, ba a jujjuya ta a gaban mai bayarwa, godiya ake yi. Sai uba ya ga ɗansa zaune a ƙasa, aji ba rufi, malami bai zo ba, ya ce “to ai kyauta ce”. Ba kyautar kowa ba ce. Gwamna bai ciro daga aljihunsa ba. An riga an biya, kuma da kuɗinka. Ranar da Allah ya ba ka 'ya'ya, ka je taron iyaye da malamai, ka yi tambaya cikin ladabi, in ba a gyara ba ka sake komawa. Haka rubutun da ke manne a ofisoshin 'yan sanda, “Bail is free”. Rundunar da kanta ta rubuta, ta kuma sha nanatawa: belin caji ofis ba a sayen sa. Abin da ake nema shi ne mai tsaya wa mutum, wanda zai sa hannu cewa zai kawo shi ranar da aka buƙace shi. In wani ya nemi na goro kafin ya saki ɗan'uwanka, ka san ba doka yake bi ba. Nemi ganin DPO, nemi lauya, yi magana da sanyin murya, amma kada ka ji kunyar nuna rubutun da ke bango.

Kyauta ta gaskiya ma tana nan, Allah kada ya raba mu da ita. Kwanon tuwon da maƙwabciya ke aiko wa mahaifiyarka, kuɗin motar da kawunka ke cusa maka a aljihu, karatun da malamin zaure ke ba ka don Allah. Alamarta ita ce ka san fuskar mai bayarwa, ka san dalilinsa, kuma ba ya neman lambar katinka. Irin wannan ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka rama in ka samu.

Babbar ma'anar na bari sai yanzu da gangan. Birnin Freetown na Saliyo an kafa shi a 1792, lokacin da 'yantattun bayi kusan 1,200 suka iso daga Nova Scotia ta Kanada. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen masu fataucin mutane a teku suna sauke waɗanda suka ceto a can, cikinsu har da Hausawa da Barebari. Ga waɗannan bayin Allah, kalmar sarƙa ce da aka kwance daga ƙafa. Amma a nahiyar nan tamu, daga 1885 zuwa 1908, Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe Kwango a matsayin mallakarsa ta ƙashin kansa, da sunan da Turanci ke kira “Congo Free State”. A ƙarƙashin wannan suna aka tilasta wa ƙauyuka tara ɗanyen roba, aka yi garkuwa da mata don maza su cika ma'auni, aka yanke hannuwa, miliyoyin mutane suka hallaka. Kalma ɗaya ce a sunayen wuraren biyu. Saboda haka duk wanda ya ce maka abu “free” ne, tambaye shi: wa aka saki, kuma daga hannun wa? A Kwango Leopold aka saki, daga sa idon majalisar ƙasarsa.

To ga abin da na ce ka riƙe. Kwaɗayin ƙaramar ma'anar shi ke cinye babbar. Duk zaɓe sai ka ji ana cewa a yi shi “free and fair”, wato kowa ya zaɓi wanda yake so ba tsoro ba tilas. A makon nan kuma ake shigowa unguwa da taliya da sabulu da atamfa, su ma “free”. Wanda ya karɓi na biyun ya sayar da na farkon, kuma a araha. Dokar zaɓe ta mai da sayen ƙuri'a da sayar da ita laifi, amma ko babu doka ai ka san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shekara huɗu asibitin garinku ba magani, ka buɗe baki a ce maka ai an sallame ka tun ranar layi. Ɗa ba ya haka. Talauci gaskiya ne, na sani, ba na kuma zargin tsohuwar da ta kwana da yunwa ta karɓi ƙullin taliya. Kai da ka yi karatu, kake da ƙarfin neman na kanka, kai nake tuhuma.

Ina jin ku kuna cewa “free me”, wato ƙyale ni, ko “ni fa so nake in zama free”. Ban ƙi ba, kowane saurayi sai ya so a sakar masa mara, kuma lokaci na zuwa da dole a sakar masa. Amma tambayi tsofaffin direbobin da suka san Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, me “firi” ke nufi a bakinsu. Shi ne a cire mota daga giya a gangara, a bar ta ta zuro da nauyinta, wai don a rage shan mai. Da farko daɗi: inji ya yi shiru, mota na gudu ba a taka totur ba. Alhali giyar da aka cire ita ce ke riƙe da motar. Yanzu nauyin duka ya koma kan birki. Birki ya ɗau zafi, ya fara wari, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa, ga kwana a gabanka, ga rai goma sha a bayanka. Motocin zamani ma ba sa buƙatar wannan dabara, domin in ka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, injin da kansa ke yanke mai. Yaron da ya zare kansa daga maganar iyaye, daga salla a kan lokaci, daga sana'ar da ke tashinsa da asuba, ya ce ya zama “free”, a firi ya sa rayuwarsa. Gudun da yake ji ba ƙarfinsa ba ne, gangara ce.

Haka bakinka. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, abin da suke kira “free speech”, kuma ina so ka yi amfani da shi, ka faɗa wa mai mulki gaskiya ba tare da muryarka ta yi rawa ba. Sashe na 45 na kundin kuwa ya yarda a iyakance shi don kare haƙƙin wasu da zaman lafiyar jama'a. Ba wanda ya ce magana ba ta da farashi. Ƙazafin da ka rubuta a kan 'yar mutane a Facebook na iya kai ka gaban alƙali, in ma bai kai ka ba, akwai ranar da za a tambaye ka.

Sauran amfaninta na yau da kullum ba su da wuya. In shugabanka a ofis ya ce “feel free”, saki jiki yake nufi, daidai da “gidanka ne” da muke ce wa baƙo: izini ne, amma mai iyaka, bai mai da ku tsara ba. “Are you free?” tambaya ce ko kana da sarari. In an ce mutum “free” ne da kuɗinsa, sakin hannu gare shi. In an ce da bakinsa ne, ba yabonsa ake ba. Ku masu kallon ƙwallo kun ji an ce Messi ya koma PSG a “free transfer” a 2021. Barcelona ce ba a biya ba domin kwantiraginsa ya ƙare, shi kam albashinsa ya karɓa cif.

Yau da dare kafin ka kwanta, buɗe wayarka ka duba manhajojin da ka ba izinin ganin lambobinka da hotunanka, duk wadda ba ta da dalili ka cire mata. Duba saƙonnin banki na watannin baya ka ga ko akwai kuɗin da ke fita ba ka san inda suke zuwa ba. Saƙon rabon data in ya sake shigowa zauren dangi, kada ka yi shiru, rubuta a ƙarƙashinsa cewa kada kowa ya danna. Sannan ka samu mahaifiyarka da gwaggonka ka yi musu wannan bayani da Hausa, a nutse, domin su ba sa karanta ƙananan rubutun, da kai suka dogara. Allah ya yi muku albarka, kai da ƙanwarka.